Goro Ba Abinci Ba Ne

A shekarun da na yi ina leƙa bakin mutane na manta abubuwa da yawa, har da waɗanda bai kamata in manta ba. Amma abin da muka yi wa wata Hajiya 'yar Argungu, wannan kam ko na tsufa na rikice ina jin shi ne zai rage mini a ka. Da gangan na ce "muka yi". Na daɗe in zan ba da labarin nan sai in ce abin da wani matashin likita ya yi, daga baya na gaji da yi wa kaina ƙarya.

Ni ba likita ba ce. Ma'aikaciyar haƙori ce, ina wanke haƙora, ina yin ƙananan ciko, ina miƙa wa likita kayan aiki, kowa yana ce mini Sista. Na fara aiki tun jihar nan tana jaririya, lokacin da aka yanke mu daga Sakkwato, Birnin Kebbi ta cika da ma'aikata masu neman ɗakin haya. Wani dattijon likita ne ya ɗauke ni a ɗan asibitinsa na haƙori da ke Nassarawa, na zauna da shi shekara da shekaru ba mu taɓa sa-in-sa ba. Mutum ne da kafin ya ce ka buɗe baki sai ya tambaye ka garinku, da sana'arka, da abin da ka karya da shi. Da girma ya kama shi sai ya koma gonar shinkafarsa a Ambursa, ya bar wa ɗan ƙanensa asibitin.

To, ɗan ƙanen nan shi ne gwanin namu. A kudu ya tashi, can ya yi karatu, Hausar ma sai ya haɗa da Turanci take tsaya masa a baki. Ba zan ce bai san aiki ba, Allah yana gani hannunsa yana da kyau. Amma kai, ban taɓa ganin mutumin da takarda ta hau wa kai irinsa ba. Ranar da ya zo ya sa aka sauke kalandar da ke bango aka jera shaidun karatunsa, har da ta wani kwas na kwana uku da ya je Legas. Kwana uku fa. Ita ce ma aka sa wa firam mafi girma, don a kwas ɗin nan ne ya koyo abin da yake ganin zai girgiza Kabi da shi, wato robar gyaran haƙori.

Bari in yi bayaninta don wanda bai taɓa gani ba. Da, in haƙoran mutum sun karkace, waya ake ɗaura masa, kowa ya gan shi ya san yana gyara. Ita wannan roba ce garai-garai, ana ƙera ta daidai bakin mutum, ya kifa ta a kan haƙoransa dare da rana, bayan mako biyu ya canja wata, kowace tana ɗan tura haƙorin har ya koma layi. Sai dai roba santsi gare ta, haƙori ma santsi gare shi. Don ta sami abin kamawa, sai a ɗiga wasu 'yan ƙulalai a jikin haƙoran, kowane bai kai ƙwayar shinkafa ba, a haska musu fitila mai shuɗin haske su daskare. Da farin ciko ake yin su, wanda mu a wurin aiki muke kira kwamfozit. In ƙulalan nan suka side ko suka faɗi, roba ta zama hular da ba ta kama kai ba.

Shi kuma farin cikon iri biyu muke da shi a kabad. Akwai mai ruwa-ruwa, yana zuwa a sirinji, kana matsawa ya kwarara ya cika gurbi da kansa, aiki ya yi sauri. Akwai mai kauri, wanda sai ka gutsuro ka danna ka lallaɓa, yana cin lokaci, yana cin haƙuri. Amma duk wanda ya daɗe yana ciko a garin nan ya san bambancinsu ba a ranar aiki yake fitowa ba. Mai ruwa-ruwan ya fi saurin sidewa, ya fi saurin shan launi, kuma yana malala gefe ya bar wani siririn shafi da ido ba ya gani sai ranar da ya rine. Mai kaurin ya fi jure tauna da goga, in ma ya ɗauki launi ana iya goge shi ya dawo. Ni ban karanta wannan a Legas ba. A bakin masunta da manoman albasa na karanta shi, shekara bayan shekara.

Ana nan sai ga Hajiya. Mace ce da ta ba hamsin baya, doguwa, mai cika ido, tana fataucin albasa daga Argungu zuwa kudu, kuma ko ba a faɗa maka ba ka san ba a yi mata gardama a gidanta. Ita kaɗai ta zo, ta sallami mai motar tun daga bakin titi ta ƙaraso da ƙafa. Haƙorinta ɗaya na sama, na gaba, ya turo waje ya karkace, har ya yi mata kanta a leɓen ƙasa inda yake gugarta.

Ta zauna ta ce, "Ɗana, ni ba kwalliya nika nema ba. Hauren ga shi ka cin leɓena."

Mu nan haure muke ce wa haƙori. Shi Likita a saninsa giwa ce kaɗai mai haure, don haka sai da ya juya ya yi 'yar dariyarsa a cikin abin rufe hanci. Na harare shi bai ma gani ba.

Hajiya ta ci gaba. "An ce min kana da wata roba wadda ba a gani. In ana gani, ka hwaɗa min tun yanzu in koma gida da abina. Mijina ya rasu, ina da surukai, ina da jikoki. Ranar da anka ji Hajiya na zuwa Birnin Kebbi gyaran haure, an gama da ni. Cewa za a yi miji nika nema."

Wannan shi ne sharaɗinta, guda ɗaya tak, kuma ta faɗe shi da Hausar da ko jariri zai gane. Ni na san ba leɓen kaɗai ba ne. Macen da ta kai shekarunta tana magana tana jan leɓe a kan haƙori, ta daɗe tana jin ciwon abin a rai. Amma ba laifi ba ne mutum ya so bakinsa ya yi kyau, kuma ba ta roƙi kowa komai ba sai rufin asiri.

Likita ya buga ƙirji ya ce, "Mama, ko madubinki ba zai gani ba."

Daga nan ya jawo fom. Fom ɗin nan da shi ya dawo daga kwas, Turawa ne suka tsara shi don mutanensu, shi kuwa yana riƙe shi sai ka ce wasiyyar kakansa. Ya fara fassara mata tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Tana shan taba? Hajiya ta ce a'a. Tana shan kofi? Ta ce ba ta ma san ɗanɗanonsa ba. Sai ya gyara murya, ya tambayi Hajiyar da ta je Makka sau biyu ko tana shan jar giya.

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "A'uzu billahi. Ɗana, kama da mashaya niy yi maka?"

Ya ce ta yi haƙuri, haka takardar ta ce a tambaya. Ya kammala, ya rubuta da kyakkyawan rubutunsa cewa ba ta amfani da komai mai rina haƙori. Ga haƙoran nan a gabansa, tazarar taki ɗaya daga hancinsa, jawur da goro har cikin dasashi. Ya ce in wanke mata su tas, ya auni bakinta, aka aika awon Legas.

Bayan 'yan makonni robobin suka iso cikin kwali mai kyau, aka kira Hajiya. Ranar da za a ɗiga ƙulalan na shiga ɗakin ajiya na ɗauko mai kauri, na kuma zaɓo launin da ya yi daidai da haƙoranta, don ko an wanke haƙorin mai cin goro ba ya komawa fari fat, yana nan da ɗan duhunsa. Likita ya shigo ya ga abin da ke hannuna, ya ce in mayar, mai ruwa-ruwa zai yi aiki da shi, kuma wanda ya fi haske a cikinsu.

Na ce, "Likita, matar nan goro take ci, kuma ba kaɗan ba. Da asuwaki take goge baki. Mai ruwa-ruwan nan ba zai kai wata biyu a bakinta ba. Ga shi har huɗu za ka ɗiga a haƙoran gaba, inda kowa zai gani."

Ya ce ya ga goron, ai ba makaho ba ne. Zai gaya mata duk lokacin da ta ci abinci ta wanke baki kafin ta mayar da roba, wannan ya haɗa komai. Ya ce a kwas da mai ruwa-ruwa aka nuna musu, minti goma an gama, ba kumfa ba rami.

Na ce, "Waɗanda aka nuna muku a kansu, a cikinsu akwai mai cin goro?"

Nan ne fa ransa ya ɓaci. Ya ajiye sirinjin a hankali, ya ce, "Sista, na san kin daɗe a nan. Amma daɗewa daban, karatu daban. Ke aikinki wanki ne. Ki bar mini abin da ya shafi ilimi."

Ni. Ni da na riƙe masa kai yana ɗan shekara bakwai da aka kawo shi hutu, baffansa yana cire masa ruɓaɓɓen haƙori yana tsala ihu yana kiran uwarsa. Na mayar da mai kauri cikin kabad, na rufe, na ce a raina, to bismilla, wanda bai ji bari ba ai zai ji hoho.

Aiki kam ya yi sauri, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya matsa, ya kifa, ya haska, ya ɗaga. Ƙulalai suka fito fari ƙal a kan haƙora masu ɗan duhu, ya ce ai da roba ta hau ba za a lura ba. Ya ɗauki hoto ta gaba, ya ɗauka ta gefe, don yana tara hotunan da zai riƙa nuna wa mutane. Hajiya ta duba madubi ta daɗe tana kallo. Da robar a baki, gaskiya sai ka matso sosai za ka san da wani abu. Na ga yadda fuskarta ta saki, har ta yi mana addu'a mai tsawo.

Sai ya zo kan bayani. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Mama, abu ɗaya za ki riƙe. In za ki ci abinci, ki cire. In kin gama cin abinci, ki wanke baki sosai, ki mayar. Kin gane?"

Ta ce, "In zan ci abinci in hidda, in na ƙare in wanke in maida. Na gane, ɗana."

Ina tsaye a bayansa riƙe da tire. Na ji kalmar nan ta fito daga bakinsa, na ji ta shiga kunnenta, kuma na san sarai ba abu ɗaya suke nufi ba. A wurinsa duk abin da ya shiga baki aka tauna abinci ne. A wurinta abinci shi ne tuwon shinkafa, da fura, da kifi, abin da ake wanke hannu a zauna a ci sau uku a rana. Goro kuwa ai ba abinci ba ne. Ka tambayi kowace tsohuwa daga nan har Argungu ko ta ci wani abu tun safe, za ta rantse maka ba ta sa komai a bakinta ba, alhali ta gama da goro uku. Magana ɗaya ce ta rage in faɗa: Hajiya, har da goro. Kalma huɗu. Na buɗe baki, sai na tuna wai ni aikina wanki, na mayar da bakina na rufe. Har ƙofa na raka ta, muka yi sallama da fara'a, ban faɗa ba.

Kada wani ya ce mantuwa ce. Ina sane. So nake ta dawo da ƙulalan nan sun rine, in tsaya a gefe in ga idon mai kwas ɗin kwana uku. A lissafina abin ba zai wuce haka ba: za ta zo duba na mako shida, a ga sun yi ja, ya ji kunya, a kankare a sake da mai kauri, shi ke nan na ci gari. Har na tanadi irin kallon da zan yi masa.

Ba ta kai mako shidan ba. Wata ranar Talata da hantsi, ɗakin jira da mutane, sai ga ta ta shigo ta ja mayafi ta rufe har hanci. Ba ta tsaya gaisuwar da ta saba ba. Ta wuce kai tsaye ta hau kujera, ta yaye mayafin, ta buɗe baki ba tare da an ce ta buɗe ba.

Na sha ganin ɓarna a baki, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Ƙulalan da suka rage sun koma ja mai duhu, kowane da zobensa a kewaye, inda siririn shafin nan ya malala ya sha ruwan goro. Saboda mun wanke haƙoran sun yi haske, sai ɗigon suka fito raɗau, tun daga bakin ƙofa za ka hango su. Biyu sun faɗi gaba ɗaya. Sauran sun side sun zama shafal, ba abin da roba za ta kama. Likita ya ɗauko robar ya gwada kifa ta, ta ƙi zama, yana sakin ta tana ɗagowa.

Ya ce, "Mama, ba na ce ki riƙa wanke baki kafin ki mayar ba?"

Ta ce, "Cewa kay yi in na ci abinci. Ban taɓa cin abinci ban wanke ba, ko sau guda."

Ya ce, "To goron fa?"

Ta dube shi da mamaki na gaskiya, ba na tsiya ba. Ta ce, "Goro abinci na?"

Ashe yadda take yi, in ta so goro sai ta zare robar ta tauna abinta, ta mayar a kan ruwan goron, ya kwana ya wuni a kulle a jikin ƙulalan. Mai cin goro kuwa ba sau uku take ci a rana ba. Da ta ga sun fara ja, hankalinta ya tashi, sai ta kama su da asuwaki, safe da yamma, har da garin gawayi. Tana gurzawa suna ƙara kaushi, suna ƙara shan launi, suna sidewa. Ba ta kira mu ba don a cikin jama'a take wuni, ba ta son a ji tana waya da asibitin haƙori.

Sannan ta ba mu labarin abin da ya kawo ta, da murya a kwance kamar labarin wata take bayarwa. Jiya aka yi sunan jikar yayanta a Argungu. Tsakar gida cike da mata, dangi da surukai da maƙwabta. Ta wuni tana kaffa-kaffa da bakinta, har wata ta faɗi abin dariya, ta manta ta ƙyalƙyale. Robar da ba ta da abin kamawa ta fito ta faɗa kan tabarma a tsakiyar mutane. Kafin ta kai hannu, taubashiyarta ta riga ta. Kun san taubashi, ba ya jin kunyarka, kuma ba ka da ikon yin fushi da shi. Ta ɗaga robar sama tana juya ta, ta leƙa bakin Hajiya, ta ce wa mata su zo su ga ikon Allah, Hajiya ta ƙunsa wa haƙoranta lalle, har da marfi ta saya musu, a faɗa mata wane ne angon don ta fara tanadin anko.

Hajiya ta ce, "Sunka yi dariya har da masu hawaye. Matan ɗiyana na wurin. Kahin magariba magana ta kai kasuwa. Yau da sahe wani dillali da ya girmi ubana ya aiko a tambaye ni ko da gaske na."

Na dubi Likita, ga damar da na yi wata guda ina jira ta zo har gida. Kallon da na tanada ban ma tuna da shi ba.

Shi kuwa gwanin, me kuke tsammani ya yi? Fom ya jawo. Ya shiga buɗe shafuka yana nuna mata inda aka rubuta ba ta cin abu mai rini, wai ita ce ba ta ba da cikakken bayani ba. Matar da ba ta karanta boko, yana nuna mata layi da biro. Da ya ga ko kallon takardar ba ta yi ba, sai ya sauya murya, ya ce ba komai, abu ne mai sauƙi, akwai wani farin ciko mai kauri da ya fi inganci, shi ya fi dacewa da masu cin goro, da shi za a sake. Ya faɗe shi tiryan-tiryan sai ka ce daren jiya aka yi masa wahayinsa. Ko kunyar idona bai ji ba.

Hajiya ta ce, "Hidda min su."

Ya ce ai haƙorin ya fara tafiya, in aka tsaya yanzu zai koma inda yake, wahalar ta tashi a banza.

Ta ce, "Shi koma. Da hauren niz zaka duniya ina da mutuncina. Hidda min su, ɗana, in tahi."

Ya cire safar hannu, ya ce, "Sista, ki goge mata." Ya shige ofis ya turo ƙofa. Da abin ya zama na kwashe ɓarna, ai kun ga ya dawo aikina.

Na zauna na kankare su ɗaya bayan ɗaya, na bi zoben nan na goge har haƙoran suka koma sumul. Ban taɓa yin aiki da natsuwa irin ta ranar ba, kamar kyan gogewar zai rage wani abu. Idonta a rufe, ruwa yana gangarowa ta gefen ido yana shiga kunnenta, ba ta share ba, ni ma na yi kamar ban gani ba. Da na gama na ba ta ruwa ta kurkure baki. Na miƙa mata madubi ta ture shi.

Ta gyara ɗaurin kallabinta, ta sauko daga kujera. Na ɗauka tafiya za ta yi. Sai ta tsaya dab da ni, ta rage murya yadda na cikin ofis ba zai ji ba.

Ta ce, "Shi yaro na, takarda yas sani, bai san mu ba. Ba ni riƙe shi. Ke hwa? Ke tamu ta. Kin ga bakina tun ranar hwarko, kin san abin da nika ci. Kina tsaye yana magana. Mi ya hana ki hwaɗa min?"

Ina da baki, duk wanda ya san ni ya san ba a kayar da ni a magana. Amma ranar ta kayar da ni. In ce mata me? In ce wani yaro ya ce mini aikina wanki, shi ya sa na bar ta ta tafi da abin da na san zai tona mata asiri? Na sunkuyar da kai na ce ta yi haƙuri. Ta ce haƙuri ai ya zama dole, ta ja mayafinta ta fita. Ba ta sake taka asibitin nan ba.

Daga baya na ji a bakin wata 'yar garinsu cewa haƙorin ya koma inda yake, kuma Hajiya ta fi shekara ba ta zuwa suna ko biki, sai dai ta aika. Likita kuwa bai daɗe ba ya tattara shaidunsa ya koma babban birnin tarayya. An ce yanzu har koyar da ƙananan likitoci yake yi, yana ja musu kunne a kan su san abin da mutum yake ci kafin su zaɓi farin ciko. Allah Sarki. Shi ya sami darasin da zai ci abinci da shi, ni na sami gaskiyata da nake nema, aka tabbatar mai kauri ya fi. Hausawa suna cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a wannan karon mu biyu muka ja ruwan, muka koma inuwa, ya sauka a kan matar da ba ta yi mana komai ba sai yarda.

Na raina yaron nan, kuma har gobe ina ganin ya cancanci raini. Sai dai shi jahilcin mutanensa ne ya kayar da shi, ni kuwa da sanina na yi shiru, kuma na sani sarai wanne ya fi muni. Abin da na koya shi ne, in kana da gaskiya a bakinka, ba taka ba ce, ta wanda zai cutu ce in ka riƙe ta. Tun daga ranar, ko an zage ni ko an ce ba hurumina ba ne, in na ga abin da zai cuci wanda ke kan kujera sai na faɗa masa da bakina, a gaban ko wane ne, in ya so a kore ni. Fushina da likita nawa ne ni da shi, ba a biyan sa da bakin mara lafiya.